Rasuwar Mai Minshari, Famfon Akwatin Kifin Kuku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma da kai a ɗage ba a sunkuye ba, Kuku da iyalansa na tudu da na cikin ruwa suna sanar da 'yan'uwa, da abokan arziki, da maƙwabta, har da waɗanda suka daɗe suna jiran wannan rana da dariya ƙunshe a kumatu, rasuwar amintaccen hadiminsu, ɗan famfon nan da ke juya ruwan akwatin kifi, wanda aka fi sani a gida da Mai Minshari. Rai ya yi halinsa ranar Asabar da hantsi, bayan jinyar mako uku wadda ya yi ta ɓoyewa irin ta masu kunya. Ya rasu yana da wata biyar da kwana tara a duniya, kuma a cikinsu bai taɓa neman hutun yini guda ba.

Ga wanda bai taɓa shiga falon ba, marigayin baƙi ne, gajere, bai wuce dunƙulen hannu ba. Mazauninsa kusurwar hagu ta akwatin gilashi, can ƙarƙashin ruwa, inda ya manne da ƙafafunsa huɗu na roba. Aikinsa ɗaya ne: ya zuƙo ruwa ta ƙasa, ya furzar ta sama, fuskar ruwa ta yi ta karkarwa tana shan iska. Aikin ba shi da kwarjini a ido. Amma kifin teku ba ya rayuwa a ruwan da ya kwanta, don haka duk wani numfashi da aka shaƙa a cikin gilashin nan, ta hannun marigayi ya biyo.

Ba za a gane girman rashin ba sai an san wanda aka yi wa shi. Kuku ya shekara ashirin da shida a kicin ɗin otal. A tsawon shekarun nan kifi yakan zo masa ne a katan, a daskare, baki buɗe, ido a kafe kamar maɓallin tsohuwar riga. Ya kankare, ya feɗe, ya soya, ya gasa, bai taɓa tambayar kansa yadda halittun nan suke kafin su gamu da ƙanƙara ba. Sai ranar da haƙori ya matsa masa ya tafi wurin likita. A ɗakin jira akwai akwatin gilashi, a ciki kuwa wani ɗan kifi ruwan lemo mai ɗamara fara guda uku ya taso daga bayan dutse, ya tsaya daidai hancin Kuku, ya dube shi ido cikin ido. Sau biyu ana kiran lambarsa yana cewa na bayansa ya shiga. Ya koma gida kumatu a kumbure, baki cike da auduga, kuma abin da ya fara iya furtawa shi ne, "Ashe suna kallon mutum."

Matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda lissafi take koyarwa, ta ɗauka allurar kashe zafi ce ba ta sake shi ba. Da aka kwana bakwai maganar ba ta mutu ba, ta gane abin ya wuce allura. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana feɗe kifi yana so, ko sau ɗaya ne kafin ya tsufa, ya zama mai ciyar da shi. Matsalar dai, bango ɗaya ne tak a falon yake da soket kuma rana ba ta dukansa, a jikinsa kuwa teburin Malama yake, inda ta shekara goma sha ɗaya tana duba littattafan ɗalibai. Ta yarda aka ja teburin zuwa lungun da ke tsakanin kicin da banɗaki, amma da sharaɗi. A tsaye ta faɗe shi, jan biro a hannu.

"Maigida, na ba ka bangona. Amma ranar da kifi ɗaya ya juya cikinsa sama, ranar gilashin nan zai bar falon nan, teburina ya dawo. Ba zan zauna a lungu don a buɗe maƙabarta a wurina ba."

Kuku ya ce ya ji, ya yarda. Shaidar wannan yarjejeniya kuwa Yaya ce, babbar yayarsa da ta goye shi, wadda har yau da furfura a gemunsa ba ta kiransa da komai sai Auta, kuma ba ta fashin zuwa gidan duk Asabar.

Marigayi ya shigo gidan rana ɗaya da akwatin, da buhun farin yashi, da duwatsu masu ramuka, da bokitin gishirin teku, da wani ɗan ma'aunin gishiri mai allura wanda za a sake jin labarinsa a gaba. Ya zo da takardar bayani cikin harsuna bakwai, wadda Kuku ya ga ta dace da ɗora kofin shayi. Da aka cika ruwa aka jona shi da wuta, ya yi ɗan atishawa, ya tofar da kumfa biyu, sannan ya kama muryar da aka san shi da ita: zuuuu. Malama ta leƙo daga lungu ta ce, "Wane ne kuma wannan mai minsharin?" Sunan ya bi shi har kabari.

A nan ne ya kamata tarihi ya buɗe kunne, domin halin mutum a ranar wuya ake gane shi. Mai shagon kifi ya ja wa Kuku kunne cewa kada ya kuskura ya sa ko kifi ɗaya sai ruwan ya yi mako shida yana juyawa, har wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su zauna a jikin duwatsu, su riƙa cinye ƙazantar da kifi zai fitar. "Ruwa ma nuna yake yi," in ji shi. Wannan yaren Kuku ya gane shi sarai. Mako shida cur yana dawowa daga aiki, ya ja kujera, ya zauna gaban gilashin da ba komai a ciki sai ruwa da dutse.

"Auta, ina kifin?" Yaya kan tambaya tun kafin ta cire takalmi.

"Ruwan bai nuna ba, Yaya."

"To ƙara masa wuta mana, ko ka rufe shi da murfi. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, amma ni ban taɓa jin an ce ya jiƙa shi a falo yana masa gadi ba."

Maƙwabta suka riƙa shigowa da sallama suna tambayar lafiyar duwatsu. Abokan aiki a kicin in zai tashi sai su ce ya gaida mutanen gilashi. A mako na uku duwatsun suka yi tsatsa-tsatsa, a na huɗu suka yi kore, Yaya ta zo da soso da sabulu a jaka, sai da Kuku ya tsaya gaban akwatin ya baje hannuwa kamar mai tare ɓarawo kafin ta haƙura. A duk faɗin unguwar, mai rai ko marar rai, ɗaya ne bai yi wa Kuku dariya ba. Marigayi ya yi ta juya ruwan da ba kowa a ciki da irin himmar da zai juya shi da a ce sarakunan teku ne suka sauka. Bai taɓa tambayar don wa ake wahala ba. Wanda ya taɓa son abin da kowa ke wa dariya ya san darajar irin wannan aboki.

Ranar da ruwa ya nuna, Kuku ya sa rigarsa mafi kyau ya tafi shago. Ya dawo rungume da leda a ƙirji, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da jariri ranar farko. Kifi biyu ne ruwan lemo, irin wanda ya dube shi a ɗakin likita. Ya ɗora ledar a kan ruwa ta daidaita da sanyinsa, yana ɗiga musu ruwan akwati cokali bayan cokali har kusan awa ɗaya, sannan ya sake su. Babbar ta shiga kamar dama gidan ubanta ne, aka sa mata Uwar Ɗaki. Ƙaramin ya bi bayanta sawu da sawu, aka sa masa Ɗan Rakiya. Bayan mako biyu aka kawo jatan lande mai jan baya da dogon gashin baki, wanda sana'arsa tsince dattin jikin kifi, shi ya sa ake ce masa Wanzami. Daga ƙarshe aka kawo dodon koɗi uku masu share gilashi, waɗanda har yau ba a raɗa musu suna ba saboda ba su ƙaraso wurin taron ba tukuna.

"Kifin da ba ya shiga tukunya," in ji Yaya bayan ta gama ƙare musu kallo, "kifi ne ko ɗan haya?"

Ta faɗi haka, amma an lura shayinta ya huce a hannu.

Halayen marigayi na kirki ba za su ƙirgu a takarda ɗaya ba. Ba ya gulma, duk da a gabansa ake yin ta. Ba ya nuna bambanci, ruwan da ya tura wa Uwar Ɗaki shi ya tura wa dodon koɗi. In an ɗauke wuta yakan yi shiru ba tare da ƙorafi ba, in an dawo da ita shi ne farkon tashi, kafin firiji, kafin fanka. Ɗan Rakiya yana son zuwa bakinsa ya saki jiki, igiyar ruwa ta kwashe shi har tsakiyar akwati, ya sake dawowa, sau talatin a yini, marigayi bai taɓa cewa ya ishe shi ba. Muryarsa kuwa ta zama ƙasan kowace murya a gidan. A kanta ake hira, a kanta ake faɗa, a kanta ake shiryawa.

Yanzu sai batun ciwon ajali. Kuku ya nemi a rubuta shi yadda yake, ba ragi, don kada wani ya riga shi faɗa a waje da ƙari.

An ambaci ɗan ma'aunin gishiri. Sau biyu kacal Kuku ya yi amfani da shi. A na uku ya tsaya ya dube shi, ya tuna shekara ashirin da shida yana sa wa mutum ɗari uku gishiri a tukunya ɗaya ba tare da ya auna ba, kuma ba a taɓa dawo masa da faranti ba. Yau wata robar da ba ta taɓa shiga kicin ba ce za ta koya masa gishiri? Ya jefa ta aljihun tebur ya tura. Daga ranar harshensa ya zama ma'auni. Kullum ruwan akwati yakan ragu kamar faɗin yatsa, sai ya cika da tataccen ruwa daga jarka, ya tsoma ɗan yatsa, ya ɗanɗana, ya tofar, ya ɗaga ido sama irin na gwanaye, ya ce, "Ya yi lami." Sai ya ɗebo gishirin teku a tafin hannu ya barbaɗa.

Mai shago ya gaya masa a bokiti ake narkar da gishiri, ba a cikin akwati ba. Amma hannun kuku bai san wani bokiti ba, tukunya ya sani. Kuma kowane kuku ya san inda ake barbaɗa gishiri: wurin da tukunya ta fi tafasa, don ya bi jiki da wuri. A akwatin nan kuwa wurin da ruwa ya fi motsi shi ne daidai kan Mai Minshari. Wata uku marigayi yana haɗiyar tsakuwar gishirin da ba ta narke ba, kullum, daga hannun wanda ya fi kowa ƙaunarsa, bai taɓa kawar da kai ba.

Mako uku kafin rasuwarsa muryarsa ta fara sauyawa. Zuuu ta koma zurrr. Daga baya ta koma zurrr, ƙat, zurrr. Malama ce ta fara ji daga lungu.

"Maigida, mutuminka tari yake yi."

"Gyaran murya ne," in ji Kuku.

Ranar Asabar da hantsi, Yaya na zaune tana ba da labarin wata maƙwabciyarta da ba ta iya shanya ba, marigayi ya ja wani dogon numfashi, ƙarrrr, ya yi ƙat sau ɗaya, ya tura kumfa guda ɗaya tak ta hau sama a hankali ta fashe. Sai shiru. Irin shirun nan da ke sa a ji agogon bango, a ji ɗigon famfon banɗaki, a ji bugun zuciyar mai laifi. Fuskar ruwa ta kwanta sumul kamar madubi.

An garzaya da shi wurin Mai Gyara na bakin titi, wanda ya saba da fanka da dutsen guga. Ya kwance shi a kan benci, ya zaro farfelarsa, wadda ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba. Fukafukanta sun cinye, farin ɓawo ya kama ta ya ƙanƙame, wayar ciki ta ƙone. Ya shinshina, ya girgiza kai.

"Babban Kuku, wannan sai haƙuri. Me kuke ba shi yana ci, tsakuwa?"

Kuku ya tattara gawar. Ya kira mai shagon kifi, aka ce ya tafi karɓo kaya, shago ba zai buɗe ba sai la'asar. Ya dawo gida da gawa a aljihun riga, ya tarar kifin biyu sun bar duwatsu sun taso sama, baki a fuskar ruwa, suna haki. Rana ta take, falon ya ɗau zafi. Yaya ta zaro tef ɗin awo daga jaka, ashe tun watan farko take yawo da shi, ta fara auna bangon.

"Malama, teburinki zai shiga, har da wurin kabad ɗin kwanuka. Auta, ka yi haƙuri, ruwa ba sa'an kwando ba ne."

A nan ne Kuku ya yi abin da za a riƙa tunawa da shi. Ya shiga kicin ya ɗauko ludayinsa, babban nan na ƙarfe mai doguwar mariƙa wanda ya fi auren wasu daɗewa. Ya naɗe hannun riga. Ya ɗebi ruwa, ya ɗaga sama, ya tsiyayo shi ya faɗo da kumfa. Ya sake ɗiba, ya sake tsiyayowa. In famfo ya mutu, ai mai famfo bai mutu ba.

Awa ɗaya. Awa biyu. Gumi ya jiƙa masa riga har ƙugu. A awa ta uku kafaɗarsa ta dama, wadda dama aiki ya riga ya cinye, ta fara rawa, ya koma hagu, hagun ba ta iya ba, ruwa na zuba a kafet. Sai Ɗan Rakiya ya karkace. Bai juya ciki sama ba, amma ya kwanta a gefe ɗaya, ɗamararsa fara tana fuskantar silin, Uwar Ɗaki na zungurinsa da baki. Kowa a falon ya gani. Kowa ya tuna sharaɗi. Kuku bai waiwayi matarsa ba, don ya san abin da ake jira, ya ci gaba da ɗiba da hannun da ba ya ɗaguwa.

Malama ta tashi. Ba wajen tef ɗin Yaya ta nufa ba. Ta ja aljihun tebur, ta ciro ɗan ma'aunin da aka ɗaure wata uku ba shari'a, ta ɗauraye shi, ta cika shi da ruwan akwati. Allurar ta tashi tsaye ta wuce inda aka yi mata iyaka, ta je ta dafe can sama.

"Maigida," ta ce, a hankali, muryar da take yi wa ɗalibin da ya san amsa ya rubuta shirme. "In miya ta tsotse a wuta, ruwa ne ya tafi ko gishiri?"

"Ruwa."

"To me kake ƙara mata?"

Nan take Kuku ya gane. Abin da yake koya wa kowane sabon ma'aikaci a makon farko ke nan. Ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan. Harshen da ke lasar gishiri kullum kuwa sabawa yake yi, yau ya ce daidai, gobe ya ce lami. Ludayi ya suɓuce daga hannunsa, ya buga bakin gilashi.

Bai kai ƙasa ba. Yaya ce ta cafe.

"Matsa can, Auta. Haka ake riƙe ludayi? Wa ya koya maka? Daga sama ake sakowa, ba kamar mai tsoron ruwa ba." Ta ajiye tef a kujera, ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta kama ɗiba. "Kai kuma ɗan ƙaramin nan, tashi! A gabana za ka mutu, a ce ni na yi maka baki? Tashi, don ƙaniyarka!"

Malama ta jawo jarkar tataccen ruwa. Ta lissafa a bayan littafin wani ɗalibi, ta ce ba za a sauke gishirin lokaci ɗaya ba, saukar gaggawa ma kisa ce, kofi ɗaya za a cire a mayar da kofi ɗaya, a jira, a sake. Kuku, babban kuku mai ba da umarni ga mutum goma sha huɗu, ya zama mai miƙo kofi. Haka aka yi ta yi, Yaya na tsiyayowa tana zagi, Malama na aunawa tana rubutu, har inuwa ta juya. Gab da la'asar Ɗan Rakiya ya kaɗa wutsiya, ya miƙe, ya yi wani ɗan zagaye na maye, ya koma bayan Uwar Ɗaki inda ya saba. Yaya ta ce gumi ne ya shiga mata ido. Ba wanda ya musa mata.

Da mai shago ya buɗe, ya ce ba za a samu irin marigayi ba sai ranar Talata. Ya ba da aron wani ɗan injin kumfa mai siririyar murya, wanda ke riƙe da gidan a yanzu gwargwadon ƙarfinsa.

Marigayi ya rasu ya bar Uwar Ɗaki da Ɗan Rakiya, dukansu a raye, a sake karantawa, a raye. Ya bar Wanzami, wanda bai fasa aski ba ko a ranar rasuwar. Ya bar dodon koɗi uku, waɗanda ake kyautata zaton labarin zai iske su zuwa jibi. Ya bar duwatsu bakwai da ya yi wa hidima tun ba su da kowa. Ya bar ƙafafunsa huɗu na roba manne a gilashi, an yi an yi sun ƙi ɓamɓaruwa, an bar su. Ya bar Malama, wadda aka ji tana cewa tun ranar Asabar lissafi ya ƙi shiga mata kai saboda shirun ya yi yawa. Ya kuma bar Kuku, mai kafaɗa a ɗaure da zuciya a karye, amma a tsaye.

Ga masu niyyar zuwa ta'aziyya da "ai mun faɗa" a baki, iyalai na roƙon su bar ta a ƙofa tare da takalmansu. Kuku ya amsa laifinsa da bakinsa, a rubuce, ba ya bukatar mai taya shi. Ya yarda shi ya ciyar da masoyinsa tsakuwa. Abin da bai yarda da shi ba, kuma ba zai yarda ba ko za a tara masa unguwa, shi ne a ce don famfo ya mutu teku ta ƙare. Wanda ya ce a zubar da ruwan a sa tukunyar fure, an gode. Wanda ya ce a koma kifin ruwan daɗi mai sauƙin riƙo, an gode, ya je ya riƙa. Abokin aikin da ya aiko tambayar ko a haɗa wa marayun albasa, an ji, kuma Kuku ne ke rubuta jadawalin wanke tukwane na wata mai zuwa. Sharaɗi dai ɗaya aka yi a gidan nan, gaban shaida: ranar da kifi ya juya cikinsa sama. Ya karkace, bai juya ba. An tambayi Malama hukunci a matsayinta na mai jan biro, ta ce karkace ba juyawa ba ce, duk wanda ya yi lissafin kusurwa ya sani. Akwati yana nan daram. Ta dai sa an dawo da teburinta falo, an matse shi a gefen gilashi, wai don ta sa wa gishiri ido.

Za a yi jana'izar marigayi ranar Talata da hantsi, a falon da ya yi wa hidima. Za a wanke shi da ruwan daɗi, wanda bai taɓa ɗanɗanawa ba a rayuwarsa. Za a naɗe shi a takardarsa mai harsuna bakwai, bayan Kuku ya karanta ta daga farko har ƙarshe, a bayyane, har da shafi na biyu da zoben kofin shayi ya rufe. Za a kwantar da shi a aljihun tebur, a gurbin da ma'aunin gishiri ya yi zaman kaso, shi kuwa ma'aunin an rataye shi a ƙusa daidai idon mai gida. Bayan an rufe aljihu za a ɗora magajinsa a kusurwar hagu, kusa da sawun ƙafafun nan huɗu.

Daga yau har zuwa ranar, ana karɓar gaisuwa kullum daga azahar zuwa la'asar, lokacin da zafi ke fin ƙarfin ɗan injin aro. Ba a bukatar kuka, ruwan gishirin da ke gidan ya isa. Duk wanda ya zo zai riƙi ludayi minti goma sha biyar, daga sama ake sakowa. Mai son sanin layinsa ya tuntuɓi Yaya, ita ke riƙe da jadawali, kuma ta ce layin farko nata ne, ba ta ba kowa.

Sanarwa daga Kuku, a madadin dukkan masu numfashi a cikin gilashi.